Kamfanin Jiragen Saman Habasha: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinsa da Bunƙasarsa

'Yan kasuwar Kano da Yamai da Njamena masu zuwa sari Guangzhou ko Dubai, da yawansu sun san filin jirgin Bole na Adis Ababa fiye da yadda suka san na Legas. A nan ake yada zango, a sauya jirgi, a ci gaba da tafiya. Kamfanin da ke ɗaukarsu, Ethiopian Airlines, shi ne mafi girma a Afirka a yau, kuma mallakar gwamnati ne ɗari bisa ɗari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Yaushe aka kafa shi, kuma wa ya kafa shi?

A watan Disamba na 1945 aka kafa shi, zamanin Sarki Haile Selassie, 'yan watanni bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. Habasha ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai, kuma a lokacin hanyoyin mota ba su da yawa, garin da jirgi zai isa cikin awa ɗaya sai alfadari ya kwashe kwanaki yana hawa da gangara. Saboda haka jirgin sama a wurin sarkin ba kayan ado ba ne, hanya ce ta haɗe ƙasa.

An fara da jirage biyar ƙirar Douglas C-47, kwancen sojojin Amurka da aka sayo a Alƙahira. Tashin farko na fasinja ya kasance ranar 8 ga Afrilu, 1946, daga Adis Ababa zuwa Alƙahira, da tsayawa a Asmara. Kujerun na soja ne, a jere jikin bango, fasinjoji suna fuskantar juna, kaya kuma jibge a tsakiya.

An ce Amurkawa ne suka fara tafiyar da shi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Gwamnatin Habasha ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin TWA na Amurka, wanda ya kawo manajoji da matuƙa da kanikawa. Kuɗi da mallaka na Habasha, aiki a hannun baƙi. Sarkin ya zaɓi Amurkawa ne da gangan, don a shekarun nan Ingila ce ke da ƙarfin faɗa a ji a yankin, shi kuwa ba ya son ƙara shiga aljihunta.

Abin lura shi ne yadda aka karɓi aikin daga hannunsu. Ba a yi gaggawa ba. An kafa makarantar horarwa tun cikin shekarun 1950, a 1957 Alemayehu Abebe ya zama ɗan Habasha na farko da ya kai matsayin kyaftin a kamfanin, a 1964 aka buɗe makarantar koyon tuƙi, sai a 1971 ɗan ƙasa, Kanar Semret Medhane, ya hau kujerar babban manaja. Yarjejeniyar TWA ta ƙare a 1975, wato bayan shekara talatin. Lokacin da baƙin suka tattara nasu ya nasu, sun bar mutanen da suka san aikin tun daga kwance inji har zuwa rubuta lissafin kuɗi. TWA ɗin da ta koyar da su ta daɗe da shuɗewa, American Airlines ta haɗiye ta a 2001.

Yaushe ya zama kamfanin dogon zango?

Sannu a hankali. Da fari zirga-zirgar ta maƙwabta ce: Jibuti, Aden, Khartum, Nairobi. Daga baya aka kai Bombay, aka shiga Turai, Frankfurt ta shigo jerin a ƙarshen shekarun 1950. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya buɗe hanyar da ta ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma, ta Khartum zuwa Akara har Monrobiya. Kafin nan, mai son tashi daga Gabashin Afirka zuwa Yammacinta sau da yawa sai ya bi ta Landan ko Paris, domin Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa hanyoyin ne daga kowace ƙasa zuwa gidansu, ba tsakanin ƙasashen ba.

A ƙarshen 1962 jiragen jet na farko suka iso, Boeing 720B. Tsohon filin Lideta ya yi musu kaɗan, dalilin gina filin Bole ke nan. A 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da hedikwata a Adis Ababa, sai shugabanni da jakadu da 'yan taro suka zama fasinjojin dindindin.

A 1973 ya fara zuwa ƙasar Sin, lokacin da kamfanonin duniya ƙalilan ne ke sauka can. A 1984 ya karɓi Boeing 767, kuma jirgin ya taso daga Washington bai tsaya ko'ina ba sai Adis Ababa, tafiyar fiye da kilomita 12,000, nisan da babu jirgin fasinja mai inji biyu da ya taɓa yi a tashi ɗaya kafin ranar. Jigilar fasinja zuwa Amurka kuwa ta fara a 1998.

In dai na gwamnati ne, yaya aka yi bai mutu ba kamar sauran?

Nan gizo ke saƙar. Jerin gawarwakin yana da tsawo: East African Airways ya ruguje a 1977, Air Afrique, wanda ƙasashe renon Faransa suka yi tarayya a kansa har da Nijar da Chadi, ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, Ghana Airways ya bi sahu jim kaɗan bayan haka. South African Airways ma ya sha da ƙyar, bayan gwamnati ta yi ta zuba masa kuɗi shekara da shekaru.

Ciwon kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Minista ya cusa ɗan'uwansa aiki, manya su hau jirgi ba biya, ma'aikatu su ci bashin tikiti su ƙi biya, shugaban ƙasa ya karkatar da jirgin fasinja don tafiyarsa, kowace sabuwar gwamnati ta zo da nata manajan. Nigeria Airways ya taɓa mallakar jirage kusan talatin a shekarun 1980. Shi ma an taɓa kawo masa baƙi, kamfanin KLM na Holan, a 1979, amma shekara biyu kawai suka yi, suna tafiya aka koma gidan jiya.

Habasha ba ta rasa miyagun gwamnatoci ba. A 1974 sojojin Derg suka kifar da Haile Selassie, Mengistu Haile Mariam ya rungumi gurguzu ya jingina da Tarayyar Sobiyet. A shekarun farko na mulkinsu siyasa ta kutsa cikin kamfanin, ma'aikata suka yi yawa, kuɗi suka fara tsiyayewa. A 1980 aka naɗa Kyaftin Mohammed Ahmed ya shugabance shi, kuma ya karɓi aikin ne bisa sharaɗin a sakar masa mara ya tafiyar da shi ta hanyar kasuwanci. Ya rage ma'aikata a ƙarƙashin gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata. Da aka matsa a sayi jiragen Rasha, shugabannin kamfanin suka turje, aka ci gaba da sayen Boeing daga Amurkar da gwamnati ke zagi a rediyo. Mengistu ya haƙura, don kamfanin na cikin 'yan ƙofofin da kuɗin waje ke shigowa ƙasar.

A 1991, da 'yan tawaye suka doshi Adis Ababa, sai aka kwashe jiragen zuwa Nairobi har ƙura ta lafa, sannan aka dawo da su lafiya. Sabuwar gwamnati ita ma ta bar al'adar yadda ta same ta. Dubi shugabannin baya-bayan nan: Girma Wake daga 2004 zuwa 2011, Tewolde GebreMariam daga 2011 zuwa 2022, sai Mesfin Tasew da ya hau a 2022. Dukkansu a cikin kamfanin suka taso, sun shafe shekaru gommai suna aikinsa kafin su hau. Tewolde daga sashen kaya ya fara a 1985, Mesfin kuma injiniya ne. Babu wanda aka ɗauko daga jam'iyya aka ɗora don ya yi wa wani hidimar zaɓe.

A ganina wannan shi ne asirin, ya fi batun wurin da Allah ya ajiye ƙasar. Nairobi ma tana wuri mai kyau, Legas kuma ta fi Adis Ababa fasinjoji masu kuɗi nesa ba kusa ba.

An taɓa yunƙurin sayar da shi?

A 2018 gwamnatin Abiy Ahmed ta ce za ta sayar da wani kaso na manyan kamfanoninta, har da wannan. Daga baya aka janye batun a kansa. Har yanzu na gwamnati ne gaba ɗaya.

Me ya sa ko ina za ka sai an bi da kai ta Adis Ababa?

Saboda a kan haka aka gina kasuwancin. Fasinjojin Kano masu zuwa Guangzhou ba za su cika babban jirgi kullum ba, haka na Yamai, haka na Duwala. Amma in ka kwaso na Kano da Yamai da Duwala da Lusaka da Kinshasa ka tara su wuri ɗaya, jirgin Guangzhou ya cika maƙil. Kamar babbar tashar mota ce da ƙananan motocin ƙauyuka ke sauke mutane don a haɗa lodin doguwar tafiya. Shi ya sa filin Bole yake cika ya batse a lokuta biyu: da safe, lokacin da jiragen Asiya da Turai suka sauka na Afirka ke shirin tashi, da kuma dare, lokacin da abin ya juya. Akasarin waɗanda ke bi ta filin ba Habasha za su ba, wucewa suke yi.

Wurin yana da tasa matsalar. Adis Ababa na bisa tudu, sama da mita 2,300 daga doron teku. Iska a can ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fukafuki ba sa ɗaukar nauyi yadda suke yi a ƙasa-ƙasa. Jirgin da ya cika da mutane da kaya ba ya iya tashi da man da zai kai shi Amurka kai tsaye. Wannan ne dalilin da jiragen da suka nufi Arewacin Amurka suka saba tsayawa a hanya, a Dublin a shekarun baya, ko Rum, ko Lome, ko Abijan, alhali a dawowa da yawansu tashi ɗaya suke yi. Kamfanin ya mai da larurar riba: tsayawar Lome da Abijan ta ba shi damar ɗaukar fasinjojin Yammacin Afirka zuwa New York.

Yaya girmansa yake a yanzu?

A 2010 ya fitar da shirin shekara goma sha biyar, ya kuma cimma manyan burikan shirin tun wa'adin bai cika ba. Ya shiga ƙawancen kamfanonin jirage na duniya mai suna Star Alliance a Disamban 2011. A Agustan 2012 ya karɓi Boeing 787, shi ne na farko a wajen Japan da ya fara jigila da shi. A 2016 ya zama na farko a Afirka da ya mallaki Airbus A350, a 2018 kuma jiragensa suka cika 100. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ya ɗauki fasinjoji kusan miliyan 17, kuɗin shigarsa ya kai dala biliyan 7.

Ba tikiti kaɗai yake sayarwa ba. Yana da sashen dakon kaya da ke kwashe furannin Habasha zuwa Turai ta birnin Liège na Beljiyam, da wurin gyaran jirage da wasu kamfanoni ke kawo nasu, da makarantar da ke horar da matuƙa da kanikawa daga ƙasashen Afirka da dama, da ɗakin girkin abincin jirgi, da otal ɗin Skylight kusa da filin.

Batun haɗari fa? Mutum zai iya sakin jiki da shi?

Akwai manyan haɗurra uku da ba a mantawa, kuma kowanne da sababinsa.

Ranar 23 ga Nuwamba, 1996, wasu mutum uku suka yi fashin jirgi mai lamba 961 bayan ya tashi daga Adis Ababa. Hanyarsa ita ce Nairobi, Brazabil, Legas, Abijan. Suka ce sai dai a kai su Ostireliya. Kyaftin Leul Abate ya yi musu bayani cewa man ba zai kai ko kusa ba, suka ƙi ji. Mai ya ƙare a sama, ya yi ƙoƙarin sauke jirgin a kan ruwa kusa da gaɓar tsibirin Komoros. Mutum 125 cikin 175 suka rasu. Da yawa sun tsira daga faɗuwar, amma sun riga sun hura rigar ceto tun suna ciki, da ruwa ya shigo sai ta danne su jikin rufin jirgin suka kasa fita. Gargaɗin nan da ma'aikatan jirgi ke yi kafin tashi, cewa kada a hura riga sai an fita, wanda yawancinmu ba ma saurara, ga abin da ake gudu.

Ranar 25 ga Janairu, 2010, jirgi mai lamba 409 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Beirut cikin hadari, mutum 90 suka rasu. Masu binciken Lebanon sun ɗora laifin kan matuƙan, kamfanin ya yi watsi da rahoton.

Sai na 10 ga Maris, 2019. Sabon jirgi ne fil, Boeing 737 MAX 8, mai lamba 302, ya tashi daga Adis Ababa ya nufi Nairobi. Minti shida da tashi ya faɗi kusa da garin Bishoftu, duka mutum 157 da ke ciki suka rasu, 'yan ƙasashe fiye da talatin, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua daga Najeriya. Wata biyar kafin nan irin wannan jirgi na kamfanin Lion Air ya faɗi a Indunusiya da mutum 189. A duka biyun, wata manhaja da Boeing ta saka mai suna MCAS ta samu bayanin ƙarya daga na'ura guda ɗaya tak, ta dinga danna hancin jirgin ƙasa matuƙa suna ja. Da fari wasu a Amurka sun so su ce matuƙan ƙasashe masu tasowa ne ba su iya ba. Amma aka dakatar da samfurin a duniya baki ɗaya kusan wata ashirin, daga baya kuma Boeing ta amince a gaban kotu da alhakin haɗarin. Hukumomin bincike na Amurka da Faransa sun ce rahoton ƙarshe na Habasha bai yi cikakken bayani kan matakan da matuƙan suka ɗauka ba, wannan saɓanin yana nan. Kamfanin bai mayar da samfurin bakin aiki ba sai Fabrairun 2022, yana cikin na ƙarshe da suka yi hakan.

Kamfanin na sauka a Turai da Amurka kullum, inda ba a sassauta ƙa'idar lafiyar jirgi ga kowa.

Yaya ya tsallake annobar korona?

Da kaya. Da fasinjoji suka ɗauke a 2020, sai aka cire kujerun jiragen fasinja fiye da ashirin aka mai da su na dako. Suka yi ta jigilar takunkumi da kayan gwaji da magunguna, har da gudummawar attajirin Sin Jack Ma da aka rarraba wa ƙasashen Afirka daga Adis Ababa, daga baya kuma alluran rigakafi. A lokacin da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke karɓar tallafin biliyoyi daga gwamnatocinsu, shi bai nemi ceto ba. An soke shi a farkon shekarar saboda ya ƙi dakatar da zuwa Sin lokacin da wasu suka daina.

Mene ne tsakaninsa da Najeriya?

Tun 1960 yake zuwa Legas. Daga baya ya ƙara Abuja da Inugu da Kano. A Maris na 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka ce jirage su koma Kaduna, manyan kamfanonin Turai suka ƙi. Na Habasha ya sauke Boeing 787 a Kaduna a ranar farko. A Disamban shekarar kuma ya kawo jirgi Legas wanda tun daga matuƙa har sauran ma'aikatansa duk mata ne.

To ina aka kwana kan Nigeria Air?

A 2022 gwamnatin Buhari, ta hannun ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika, ta zaɓi kamfanin Habasha ya riƙe kashi 49 na sabon kamfanin ƙasa. Ƙungiyar kamfanonin jirage na cikin gida ta garzaya kotu, tana cewa za a miƙa wa baƙo kasuwarsu. Ranar 26 ga Mayu, 2023, kwana uku kafin miƙa mulki, aka nuna jirgi a Abuja da fentin Nigeria Air, sai ta bayyana cewa na Habasha ne, ya kuma koma inda ya fito. Sabon minista Festus Keyamo ya dakatar da shirin, a Agustan 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke yarjejeniyar.

Ba a Najeriya kaɗai irin wannan haɗin gwiwa ya ci tura ba. Tchadia Airlines da aka kafa da gwamnatin Chadi a 2018 an rufe shi a 2022 saboda asara, reshen Mozambik ma ya tsaya a 2021. Wanda ya yi albarka shi ne ASKY na Lome, da ya fara tashi a 2010 ya cike giɓin da Air Afrique ya bari, kuma shi 'yan kasuwa da bankunan yankin ne suka kafa shi, ba gwamnati ɗaya ba. Akwai kuma hannun jari a kamfanonin Malawi da Zambiya. Habashawa na iya kawo jirage da manajoji, amma ba za su iya hana gwamnatin wata ƙasa tsoma hannu ba, ba kuma za su ƙirƙiro fasinjan da babu shi ba. Masu cewa burinsu shi ne su mai da kowace ƙasa mai tura musu fasinja zuwa Adis Ababa su ma ba su yi ƙarya ba, kasuwa suka fito.

Wace suka ake yi masa?

Mafi nauyi ita ce ta yaƙin Tigray, yankin arewacin Habasha, da ya ɓarke a Nuwamban 2020. A Oktoban 2021 tashar CNN ta ba da rahoton cewa an yi amfani da jiragensa wajen safarar makamai tsakanin Habasha da Eritiriya. Kamfanin ya musanta. An kuma zarge shi da dakatar da ma'aikata 'yan ƙabilar Tigray, wannan ma ya musanta. 'Yancin da yake da shi na kasuwanci ne, in siyasar ƙasa ta yi zafi tana taɓa shi. Hanyar Asmara, babban birnin Eritiriya, inda jirginsa na farko ya sauka a 1946, shaida ce: an rufe ta da yaƙin Habasha da Eritiriya na 1998, aka buɗe cikin murna a Yulin 2018, aka sake dakatar da ita a Satumban 2024.

Koke-koken fasinja kuwa sanannu ne: cunkoso a Bole, layin bincike mai tsawo tsakanin jirgi da jirgi, da jakar da kan biyo mai ita a baya idan lokacin sauya jirgi ya yi kaɗan.

Filin Bole zai iya ɗaukar wannan girma?

Ya kusa cika, kuma gari ya kewaye shi. Saboda haka ake aikin sabon fili a kusa da Bishoftu, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Adis Ababa, wanda aka tsara zai ɗauki fasinjoji miliyan 60 a shekara a matakin farko, ya haura miliyan 100 idan an kammala shi duka. Bankin Raya Afirka na cikin masu taimakawa wajen haɗa kuɗin. Wurin bai kai Bole tudu ba, don haka jirage za su iya tashi da mai da kaya fiye da yanzu. Filin zai ci gonakin dubban manoma da sai an sake musu matsuguni, kuɗin ginin kuma biliyoyin daloli ne da akasarinsu bashi za a ciwo.